Yatsu Uku Daga Saman Jarida

Ranar da Kawu Labbo ya fara yarda in taɓa wani abu a wurin sana'arsa, ba nama ya ba ni ba. Damin tsofaffin jaridu ya turo min da ƙafa, ya ajiye min katako da wata wuƙa da wasawa ta cinye, ya ce in yanka. Wata huɗu na yi ina yankan takarda kafin ya bari in soke tsinke ɗaya. Shi ya sa idan na ji ku samarin da ke zama a bencina kuna cewa tsire ai ba wani aiki ba ne, sokewa ce da gashi da naɗewa, nakan bar ku ku gama. To yau ku bar ni in gama nawa. Ba zan ma wahalar da ku da sokewa da gashi ba, naɗewar da kuka raina ita zan ba ku labarinta.

Sunana Sahabi. Gidanmu a Mafara gidan mahauta ne tun kakanni, Kawu Labbo kuwa ƙanen mahaifiyata ne, shi ke da tukubar tsire a bakin tasha. Na yi firamare har aji biyar kafin a cire ni, kuma a gidanmu wannan ya isa a kira mutum ɗan boko. Duk takardar da ta shigo gidan, ko ta asibiti ko ta haraji, ni ake nema.

Naman tsire daga cinya ake cire shi. Ka kwantar da tsokar a kan katako, ka bi ta da wuƙa sala-sala, kada ta yi kauri ta ƙi gasuwa, kada ta yi siriri ta ƙone. Ka soke ta a miƙe, ka sa ɗan kitse a tsakiya, ka birkiɗa ta cikin garin ƙuli da yaji, ka yayyafa man gyaɗa. Sannan ka kakkafa tsinkayen a jikin tukuba su kewaye wuta. Tsire zafi yake so, harshen wuta ɓata shi yake yi. Wannan duk wanda ya zauna kusa da ni mako biyu zai iya kwaikwayonsa, ko da ba zai yi daɗi ba.

Takarda ita ce ba a koya da kallo. Sabuwar jarida ba ta naɗe tsire. Tawadarta ɗanya ce, tana haɗuwa da mai sai ta sauka a jikin nama, mai saye ya buɗe ya tarar da rubutu a kan hantarsa. Mai sheƙi kuma ba ta shan mai, sai ya zubo wa mutum a aljihu. Wadda muke nema ita ce wadda ta daɗe a ajiye har ta yi ja-ja, ta bushe ƙayau. Akwai wani mutum da ke bin gidajen tsofaffin ma'aikata a Gusau da Sakkwato yana kwaso mana su, na Turanci da na Hausa, a ɗaure da igiya. Kawu Labbo yakan zaro ɗaya daga tsakiyar dami ya shinshina, in ya ji warin tawada ya ce a mayar. Saboda haka duk labarin da ya iso tukubarmu, tsoho ne tukuf.

Kawu bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma yana da doka a kan takarda, kuma ba ya wasa da ita. Duk shafin da ke da rubutun Larabci, ko sanarwar rasuwa, ko wa'azin Juma'a, a ware shi gefe. Ba zai yarda sunan Allah ya sha kitse ba, balle a gama ci a jefar a kwata. Wata rana ya ga wani ɗan rubutu na addu'a a saman wata jaridar Hausa, can kusa da sunanta. Tun daga ranar ya ce kowane shafi, na Hausa ne ko na Turanci, a auna yatsu uku daga sama a yanke. Na ce masa ba kowace ke da shi ba. Ya ce, "Kai ka iya karatu, ni ban iya ba. Ranar da ba ka nan, wa za ya duba mani? Yanke dud." Abin da aka yanke mu tara a tsohuwar garwa, ranar Laraba a ƙone, a binne tokar a gindin bango.

A cikin waɗannan yatsu ukun ne ranar da aka buga jarida take. Ni na sani, ban dai ɗauke shi a bakin komai ba. Wa zai tambayi takardar tsire ranar haihuwarta?

Da na fara tsayawa a tukuba ni kaɗai, na ɗauko wata ɗabi'a. Ranar Talata da la'asar, kasuwa ta fara sakin mutane, direbobi da malaman makaranta da 'yan sakatariya su cika benci suna jiran nama ya gasu. Don kada su gaji su tafi, sai in zaro takarda ɗaya in karanta babban rubutun da ke kanta da muryar mai labaran rediyo. Sannan mu zauna mu lissafa abin da zai faru in abin ya tabbata.

Na tuna wadda ta ce nan da shekara biyu kowane ƙauye zai samu wutar lantarki. Na ce to kajin ƙauyen Kaya sun shiga uku, ba su ƙara sanin dare, zakara zai yi ta cara har muryarsa ta dushe. Wata ta ce an gano maganin da zai kawar da sauro baki ɗaya. Wani direba ya ce ai kuwa mutanen Bakura ba za su iya barci ba saboda shiru, sai sun ɗauki hayar wanda zai riƙa yi musu kuka a kunne. Wata ta ce ruwan famfo zai shiga kowane gida, muka yi wa jakunan masu ɗiban ruwa ritaya, muka jera su a layin 'yan fansho, kowane jaki da takardarsa a baki. Da na karanta wadda ta ce masana na shirya ƙwaya ɗaya da za ta ƙosar da mutum yini guda, Kawu Labbo, wanda ba ya dariya, ya ce daga inda yake zaune, "Su kawo ta. Sai in soke ta ga tsinke in barbaɗa yaji."

Daɗin abin shi ne kowa a bencin ya san wa'adin ya wuce tuntuni. Mai dariyar lantarki fitilar ƙwai ke jiransa a gida, mai dariyar sauro ɗansa na kwance da zazzaɓi. Dariya ce ta mutanen da aka yi wa alkawari har suka daina jin haushi. Ciniki kuwa ya buɗe, har wasu na cewa zo mu je mu ji labaran Sahabi.

Akwai wani manomi daga Tsibiri, Malam Nomau, ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar. Dogo ne, ba ya yawan magana, kuma a garinsu in ya ce abu kaza ne ba a sake tambayar wani. Yana da gona a inda ruwan noman rani ke kaiwa, da shanun huɗa guda biyu. Kowace shekara yakan raba gonar, mafi yawa alkama da masara saboda gida, ɗan gefe albasa da tumatir saboda kasuwa. In ya zo Talata yakan sayi tsinke biyu, a naɗe masa, ya sa a aljihu ya kai gida. Da hantsi yake zuwa, ya tafi kafin azahar, don haka bai taɓa zama a bencin la'asar ba, bai san wasanmu ba.

Wata Talata bayan kaka, ana shirin noman rani, motarsu ta yi latti, sai ga shi da la'asar.

"Salamu alaikum. Sahabi, barka da kasuwa."

"Alaikumus salam, Malam Nomau. An zo lahiya? Ina mutanen Tsibiri?"

"Lahiya lau. Ina aiki? Ina Labbo da jiki?"

Muka gama gaisawa, aka matsa masa ya zauna a bakin benci. Takardar da ta zo hannuna a lokacin ta Hausa ce, rubutunta manya. Na gyara murya na karanta cewa sabon kamfanin tumatirin gwangwani zai saye duk abin da manoma suka noma, ko kwando ɗaya ba zai ƙara ruɓewa ba. Benci ya ɗauka. Wani ya ce motocin kamfani za su yi layi daga Mafara har Bakura. Wani ya ce bana jirgi guda za a ware wa manoman tumatir zuwa Makka. Ni kuma na ce kowane jakin Tsibiri sai an ɗinka masa babbar riga. Ana ta dariya, Malam Nomau bai yi ba. Ya jira aka lafa.

"Sahabi, abin ga da kak karanta, gaskiya ta?"

Nan ne wurin da ya kamata in ce masa wasa muke yi, takardar ta tsufa. Kalma biyar ce ko shida. Amma idon benci na kaina, kowa na jiran abin da zan ce, ni kuma na saba da a yi min dariya. Na ɗaga takardar sama.

"Malam Nomau, ga shi hwa a rubuce. Ni nar rubuta?"

Aka sake fashewa. Ya gyaɗa kai ya ce, "A'a, ba kai kar rubuta ba. To naɗe mani nawa cikin wagga." Na naɗe masa. Na ɗauka ya gane, ko dai na so in ɗauka hakan.

Daga baya na ji abin da ya yi da ita. Bai yarda da bakina kaɗai ba, mutum ne mai bincike. Ya kai wa wani mai boko a Kaya, ya ce ya karanta masa. Mutumin ya karanta masa babban rubutun daidai yadda yake a rubuce. Malam Nomau ya tambaye shi ko ta yaushe ce, mutumin ya juya ta gaba da baya ya ce wurin da ake sa rana babu shi, an yanke. Da wuƙata aka yanke.

Bayan mako biyu baffana ya sayo wani jan sa a kara, wato kasuwar shanu, na karɓi cinya ɗaya. Tun a kan katako na san san huɗa ne. Naman sa mai aiki tauri gare shi, jijiya ta yi masa yawa, sai ka yanka shi siriri fiye da kullum, ka bar shi ya daɗe cikin mai kafin ya ga wuta. Na tambayi Baffa wane ne ya sayar da san huɗa ana tsakiyar shirin aiki.

"Na Nomau na, na Tsibiri. Dukka biyun yas saisuwa. Injin ban-ruwa za ya saye, ya kuma kama hayar wata gona. Wai tumatur za ya zuba dud, ko alkama ba ya yi bana. Wai kamfani na tahe. Maƙwabtanai biyu ma sun bi shi."

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Na san kamfanin, ni na kawo shi.

A nan nake so ku saurara da kyau, don ba a benci na yi babban laifin ba. A lokacin bai dasa ba, irin tumatir ɗin yana cikin bedin da ake renonsa, lokacin shuka alkama bai wuce ba. Tsibiri ba nisa gare ta ba, mota na zuwa, kuma a zamanin babu wanda ke tsoron hanya. Da na rufe tukuba na yini ɗaya, da ya rasa shanu kawai. Na ce ai zai zo Talata in gaya masa. Bai zo ba, aiki ya riƙe shi. Na ce Talata mai zuwa. Gaskiyar magana kunya ce ta hana ni. Na kasa tunanin yadda zan tsaya gaban dattijo in ce masa na mayar da shi abin wasa a bainar jama'a. Sai na riƙa lallashin kaina cewa wa ya sani, ko tumatir zai yi tsada bana. Naman san nasa kuwa na gasa shi na sayar tas, har ana yaba shi.

Tumatir bai yi tsada ba. Shekarar ya yi kyau ko'ina, ya kuma nuna gaba ɗaya da zafi ya shigo. Kwanduna suka jeru a bakin titi, masu saye daga kudu su zo su ɗaga ganye su duba su wuce. Mai kwando yakan gwammace ya juye kayan a ƙasa ya tafi da kwandonsa. Awaki ma suka ƙoshi suka bari. Warin ya cika tasha har yana danne ƙamshin tsirena.

A irin wannan Talatar ya zo, da hantsi, babu kowa a benci sai Kawu Labbo da ke kishingiɗe. Ya rame, hannuwansa sun yi baƙi-baƙi da ganyen tumatir. Bai tsallake ko gaisuwa ɗaya ba. Da muka gama ya cire hularsa, ya zaro takardar daga ciki. An ninke ta sau huɗu, man tsiren ya mayar da ita kamar fata.

"Sahabi, na jira su ba su zo ba. Kayan na lalacewa. Duba mani ƙasa-ƙasa, ko sun hwaɗi inda ƙofar kamfanin take. In mota za ni ɗauka in kai musu, sai in ɗauka."

A ranar na fara karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Garin da aka ambata yana wata jiha can nesa, tafiyar yini guda. Ba a ma ce an gina kamfanin ba, cewa aka yi ana shirin ginawa. Babban mutumin da ke cikin hoton yana yanka zare kuwa ya rasu tun kafin in yi aure.

Na gaya masa. Na gaya masa duka, har da cewa tun ranar na sani, har da cewa na ji labarin shanun ban zo ba. Ya saurara bai katse ni ba. Ya karɓi takardar ya duba samanta, ya shafa wurin da aka yanke da babban yatsa.

"Nan ranar take?"

"Nan take, Malam Nomau."

"Mi yas sa kuka yanke ta?"

Kawu Labbo ne ya amsa, ya tashi zaune da ƙyar. "Ni nas sa, Nomau. Sunan Allah nike tsarewa."

Malam Nomau ya ce, "To wanga ba laihi ba na." Bai ce komai a kan nawa ba. Ya ninke takardar, ya mayar cikin hula, ya yi mana sallama. Da ya zage ni a tsakiyar tasha da na fi samun sauƙi.

Shi da iyalinsa suka yi ta yankan kauɗa suna shanyawa har hannuwansu suka tsattsage, rabin kayan ya ruɓe kafin wuƙa ta kai kansa. Wanda ya bushe kuma bai yi daraja ba, don kowa abin da ya yi ke nan. Babu alkama, babu masara, rumbunsa ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba. Babu shanun da zai yi huɗa. Ya sayar da injin, daga baya gonar ma ta koma hannun wani. Mutumin da ake zuwa neman shawara wurinsa ya koma yin ƙodago a gonakin mutane, kuma maƙwabtan nan biyu da suka bi shi suka daina zama inda yake. Na je Tsibiri da cinyar rago, a lokacin da zuwan ba shi da sauran amfani. Ya shimfiɗa min tabarma, ya sa aka kawo min ruwa, ya yi godiya, ya aika da rabin naman gidajen maƙwabtan nan.

Tun daga shekarar ban sake karanta wa benci komai ba. Direbobi suka yi ta naci, daga baya suka gaji, wasu suka koma wata tukubar. Dokar Kawu ban karya ta ba, har yau ina auna yatsu uku, ga garwar can. Abin da na ƙara nawa ne. Duk babban rubutun da na gani, ta tsakiyarsa nake bi da wuƙa, rabi ya tafi da wannan mai saye, rabi da wancan. Yana ɓata takarda, yana cin lokaci, kuma na ga kuna dariya in ina yi. Ku da kuke nuna min labarai a wayoyinku, in na tambaye ku na yaushe ne sai ku yi ta shafa gilashi kuna nema.

Malam Nomau ya yi kusan shekara biyu bai zo Mafara ba. Wata Talata da hantsi ina juya tsinkaye na ji sallamarsa. Muka gaisa kamar jiya muka rabu, ya tambayi iyali, ya yi min ta'aziyyar Kawu Labbo. Ya ce a ba shi tsinke ɗaya. Na zaɓi mafi kyau, na zare naman a kan katako, na sa albasa da yaji, na kai hannu kan takarda.

"A'a, Sahabi. Bar takardag ga."

"Da zahi hwa, Malam Nomau. Yanzu yaf fito wuta."

Ya miƙo tafin hannunsa, duk kanta. "Zuba mani nan."

Na zuba masa. Man na bin yatsunsa yana ɗiga a ƙasa, bai ko motsa ba. A tsaye ya cinye, tunda babu yadda zai kai gida a haka. Shekara tara ya ƙara yana zuwa kafin Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa tayar min da maganar ba, bai kuma taɓa fasa gaishe ni ba. Kowane zuwa nakan kai hannu kan takarda, ko yau zai bari. Kowane zuwa ya miƙo hannu.